Bangon Inamel da Jan Ƙarfe a Wata Firamare: Daga Zirin Farko Zuwa Sake Kafawa

## Makarantar da aikin da ke bangonta

Makarantar firamare ce ta gwamnati a wani ƙaramin gari na bakin teku, a arewa maso yammacin Amurka, inda ruwan sama ke sauka daga Oktoba har Afrilu. Yawancinsa yayyafi ne mai naci da ba ya barin bango ya bushe. A zauren shiga, hannun dama da babbar ƙofa, akwai aikin ado da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka gina wannan sashe.

Kuɗin aikin daga cikin kuɗin ginin ya fito, bisa irin dokar nan da ke ware ɗan kaso na kuɗin gine-ginen gwamnati domin sayen aikin fasaha. Faransa ta kafa tata a 1951, kashi 1 cikin 100, kuma da gine-ginen makarantu ta fara. A Amurka birnin Filadelfiya ya yi tasa a 1959, jihar Hawaii a 1967, jihar Washinton a 1974 da rabin kashi 1, birnin New York a 1982. Aikin da aka saya ta wannan hanya dukiyar jama'a ce. Na wannan makaranta sunansa na cikin rajistar wata hukuma ta jiha, makarantar riƙon amana kawai take yi. Amma shugabanni sun zo sun tafi, masu kula da gini sun yi ritaya, har aka wayi gari ba wanda ya san da rajistar.

Farantai 60 ne na jan ƙarfe, kowanne santimita 30 tsawo da faɗi, an jera su layi 5, kowane layi 12. Gaba ɗaya mita 1.5 a tsaye, mita 3.6 a kwance. Babu hoton mutum ko dabba. A kowane faranti akwai rubu'in da'ira, da alwatika, da siririn layi na jan ƙarfe da aka bari ba rufi. In an haɗa su, siffofin suna lanƙwasa suna ratsa bangon, launi kuma yana tafiya sannu a hankali daga shuɗi mai duhu a ƙasan hagu zuwa ruwan goro a saman dama. A tsakiyar shekarun 1970 ne wasu masu zane a Amurka, irin su Joyce Kozloff da Miriam Schapiro da Valerie Jaudon, suka dage cewa zayyana mai maimaituwa, irin ta tayil ɗin masallatai da ta bargunan da mata ke haɗawa da ƙyallaye, cikakkiyar fasaha ce. Mai wannan aikin 'yar wannan zamani ce. Ta rasu kafin matsalar ta taso.

Inamel gilashi ne da aka niƙa ya zama gari, aka barbaɗa a kan ƙarfe ta rariya, aka sa a tanderu mai zafin digiri 750 zuwa 850 na 'yan mintuna har ya narke ya manne. Jan ƙarfe sai a digiri 1,085 yake narkewa, don haka yana jure wannan wuta. Duk wanda ya san kwanon samira ya san halin abin: fuska mai santsi da ba ta koɗewa, amma da zarar kwanon ya faɗi ya ɓantare, ta nan tsatsa ke shiga. Jan ƙarfe ya fi gilashi tsukewa in yana hucewa, saboda haka faranti na fitowa daga wuta ƙarfen ke matse gilashin da ke kansa. Gilashi yana jure matsi sosai. Ja da lanƙwasa ne ba ya jurewa. Shi ya sa masu sana'ar ke sa inamel a bayan farantin ma, don ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai. Mai aikin ta yi hakan, sai dai na bayan siriri ne kuma bai kai gefuna ba.

Masu ginin ne suka kafa shi. Suka manna katakon filawud a fuskar ciki ta bangon bulo da bayansa ke waje, suka ɗaure kowane faranti da noti 4 na baƙin ƙarfe mai rufin zinki, ɗaya a kowace kusurwa. Babu tazara tsakanin faranti da katako, babu tsakanin katako da bulo. Haka ya zauna fiye da shekara 30 lafiya lau.

## Sanyin farko: zirin kore

A wani dogon hutu na Yuli da Agusta aka sake rufin makarantar. A shekarar ce kuma aka fara kashe na'urar ɗumama ɗakuna daga yammacin Juma'a zuwa asubahin Litinin don rage kuɗin wuta.

A Janairu malamar zane ta ga siraran layuka kore suna gangarowa daga mahaɗar farantai a layin sama, wajen kusurwar da ke kusa da ƙofa. A ƙarƙashin wasu notuna kuma akwai ziri ruwan ƙasa. Ta ƙirga farantai 7 da abin ya taɓa, ta faɗa wa shugabar makaranta. Shugabar ta sa shi a takardar ayyukan mai kula da gini, tsakanin gyaran famfo da canza ƙwan lantarki, aka rubuta shi a matsayin datti.

## Fabrairu zuwa Yuni: wanki

Mai kula da ginin mutum ne mai tsafta da kishin aikinsa, ya kuma yi wa bangon abin da ya saba yi wa duk wuri mai tabo. Ya fara da ruwan goge taga, mai amoniya. Zirin ya fita, tsumman ya koma shuɗi. Bayan mako 3 zirin ya dawo. Sai ya ɗauka fumfuna ce, tunda garin gari ne na laima, ya koma ga ruwan bilic da ake wanke banɗakin yara da shi, yana fesawa duk Juma'a. Layukan jan ƙarfen da suka dushe kuwa ya bi su da man goge ƙarfe da soson waya har suka yi ƙyalli.

Iyaye suka yaba. A Mayu, da ruwa ya ɗauke, zirin ya ragu, aka ce magani ya ci. Abin da ya saura shi ne farin ragowar man gogewa a cikin mahaɗai, da ƙananan karce a fuskar inamel inda soson ya zarce.

## Sanyi na biyu: sababbin notuna, silikon, gilashin roba

Ruwan Oktoba na sauka abin ya dawo, wannan karon a farantai 19, kuma da sabon kama. A gefunan farantai an fara ganin gari kore mai haske, wanda in an share shi yau, bayan 'yan kwanaki sai ya sake tsirowa a wuri ɗaya. Daga ramukan notuna tsagu sun fita ta ko'ina. Wasu farantan sun yi ciki sun tashi daga katako.

Aka kira ɗan kwangilar da ke yi wa makarantun yankin ƙananan gyare-gyare. Ya tarar tsatsa ta cinye notuna, wasu a hannunsa suka karye. Ya canza su da sababbi na baƙin ƙarfe masu ɗan kauri, ya ɗaure da injin ɗaure noti har farantan da suka tashi suka kwanta. A ganinsa daga gaba ruwan ke shiga, daga wanki da jiƙaƙƙun rigunan yara, don haka ya cike mahaɗai da silikon na banɗaki, irin mai warin binega, ya shafa banish, wato fenti marar launi mai sa ƙyalli, a kan komai. Kwana 2 aikin ya ɗauka.

Kafin hutun Disamba tsagun sun ƙaru, ƙananan ɓarɓashin inamel sun fara zuba ƙasa. Gefen silikon ya koma kore, banish ɗin ya yi hazo. Shugabar makarantar ta ji tsoron kada yaro ya yanke hannu, ta sa aka rufe aikin duka da babban gilashin roba mai firam da ya kama bango ta kowane gefe. Daga nan, duk safiyar Litinin sai a tarar cikin gilashin ya yi gumi, ɗigon ruwa na gangarowa. A Maris farantan da suka taɓu sun kai 31.

## Yuni: saukewa

Ma'aikaciyar jinyar makarantar ce ta tambayi abin da ke cikin ɓarɓashin da ya taru a gindin gilashin. Aka gwada, aka sami dalma. Yawancin inamel na masu fasaha na wancan zamani yana ɗauke da ita, domin tana sa gilashi saurin narkewa da ƙyalli, ja da ruwan goro da rawaya kuma sau da yawa da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ake haɗa su. Gilashin da ke lafiya a bango ba ya cutar da kowa. Ɓarɓashi da ƙura a daɓen da 'yan shekara 5 ke zama su ɗaure takalmi wani abu ne daban, domin dalma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro take taɓawa. Wanda ya tuna abin da ƙurar ma'adinai ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ya san dalilin da ba a sakaci da ita, ko da yake abin da aka samu a nan bai kama ƙafar wancan ba ko kusa.

Aka yanke shawarar sauke aikin a hutu. Ma'aikatan wucin gadi suka kwance shi a yini ɗaya. Ba a sa wa farantan lamba ba, ba a ɗauki hoto ba, aka jibge su a kwalaye, fuskar wannan a bayan wancan, aka kai sito. Katakon ya fito baƙi, ya ruɓe, aka zubar, in ban da falle ɗaya da aka jingine a bayan sito aka manta. Aka yi wa bangon fenti.

Wata 14 kwalayen suna sito, a tsakani kuma an yi sharar siton sau ɗaya. Sai ga wasiƙa daga hukumar jiha, irin wadda take aika wa duk masu riƙe da kayanta lokaci-lokaci, tana neman a tabbatar da halin da aiki mai lamba kaza yake ciki. Ta wannan wasiƙa makarantar ta san mai abin.

## Bincike

Hukumar ta turo ƙwararriya kan gyaran kayan tarihi na ƙarfe. Ta duba kwalayen sama-sama, ta ce a nuna mata bangon, daga nan ta ce a kawo tsani. A saman rufi ta tarar murfin ƙarfen da aka sa wa kan bango lokacin gyaran rufi ya bar 'yar kafa, kuma bakin indararo ɗaya daidai wurin yake zuba. Ruwan yana shiga ramukan bulo ya gangara ta ciki. Sabon fentin zauren ma ya riga ya fara kumbura, da farin gishiri a ƙarƙashinsa. Ta rataya na'urar auna laima a zauren har mako 4. A ranakun karatu laimar tana tsaka-tsaki, a ƙarshen mako kuwa, in an kashe ɗumi, tana haura kashi 80 cikin 100.

Daga nan ta bi abin daki-daki, kuma wannan sashe na rahotonta shi ne ya fi cancanta a tsaya a kai.

Ruwan daga baya ya zo. Ya jiƙa katako, katako ya kumbura ya tura farantai. Jiƙaƙƙen filawud kuma yana fitar da asid da ke cin jan ƙarfe, ga shi gefunan bayan farantan ba rufi. Wannan ne zirin kore na farko. Zirin ruwan ƙasa kuwa daga notuna ne: in baƙin ƙarfe da jan ƙarfe suka haɗu akwai danshi a tsakani, 'yar wutar lantarki ke gudana, kuma baƙin ƙarfen ne ke cinyewa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma sau da dama, sai ta cika ramin noti ta danna bakin gilashi. Shekara 30 da aka yi lafiya, an yi ta ne saboda bangon a bushe yake.

Amoniya tana narkar da jan ƙarfe, shuɗin da ya fito a tsumma ƙarfen aikin ne. Bilic ya fi ɓarna, domin ya shigar da kulorin cikin mahaɗai da tsagu, ƙari kan gishirin da iskar teku ke kawowa. Kulorin yana haɗuwa da jan ƙarfe ya yi wani gishiri da ke kwanciya a jikin ƙarfen. In laima da iska suka same shi sai ya zama wannan koren gari, ya saki asid, asid ɗin ya ƙara cin ƙarfe ya haifar da sabon gishiri, a sake zagayowa. Masu gyaran kayan tarihi suna kiransa ciwon tagulla. Shi ya sa shara ba ta kawar da shi, kuma in ya shiga ƙarƙashin inamel ɗaga shi yake yi.

Warin binega na silikon asid ne, shi ma yana cin jan ƙarfe, ga shi ya toshe 'yar hanyar da danshi ke fita. Ɗaure farantin da ya lanƙwashe har ya kwanta kuwa, lanƙwasa gilashi ne da ƙarfin tsiya. Ko ba kumburin katako, faranti mai santimita 30 yana motsi kusan kashi 1 cikin 10 na milimita in zafi ya sauya da digiri 20, kuma matsattsen noti ba ya barin wannan motsi. Gilashin roba ya zo ya kulle danshi da asid a wuri ɗaya.

Da aka buɗe kwalaye, farantai 57 aka samu, 3 sun ɓata. Daga cikin 57, 38 datti da ziri da banish ne kawai a kansu, 14 sun tsage a kusurwa, 5 sun rasa inamel mai yawa kuma ciwon na ci a jikinsu. Kafin a wanke ko ɗaya, ta sa wa kowanne lambar wucin gadi, ta ɗauki hoton gaba da baya, ta kuma rubuta ta inda zirin tsatsa ya gangara a kowanne.

## Gyara: rufi, sannan farantai

Rufin aka fara gyarawa. Aka kankare fentin, aka bar bangon ya sha iska wata 5 ana aunawa har ya bushe.

Kwamitin iyaye ya kawo shawarar a mayar da farantan tanderu a sake narka su, tsagu su haɗe. Akwai mai sana'ar inamel a wani gari kusa da ya ce zai iya. Ƙwararriyar ta ƙi, hukumar ta goyi bayanta. Dattin da ya shiga tsagu zai tafasa ya yi kumfa a cikin gilashi, ja da ruwan goro suna sauya launi in sun sake shiga wuta, kuma abin da ya fito daga tanderu ba a mayar da shi yadda yake. Ƙa'idar aikinta ita ce duk abin da za ta sa, ya zama wanda wani zai iya cirewa nan gaba.

Da aska aka ɓare silikon, aka cire banish da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da fenti. Koren garin da tsinken aska aka tone shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, rami bayan rami. Aka wanke farantan da tataccen ruwa don rage gishiri, aka busar sosai, sannan aka shafa wa ƙarfen benzotriazole, kashi 3 cikin 100 a ethanol, maganin da masu gyaran tagulla ke amfani da shi tun 1967, wanda ke kama fuskar jan ƙarfe ya rage masa ci. Tsagun inamel aka ɗura musu gam ɗin Paraloid B-72 da aka tsinka, ya bi ta ciki ya riƙe ɓarɓashin da ke shirin faɗuwa. Asiton yana narkar da shi duk ranar da aka so cirewa. Inda inamel ya tafi gaba ɗaya aka cike, aka yi masa launi da ya ɗan fi na asali dushewa. Layukan jan ƙarfe aka rufe su da Incralac, wani banish na musamman don jan ƙarfe, da siririn kaki. Karcen soson waya ya zauna, ba shi da magani.

Farantai 5 masu tsanani an sa su kwana 2 a akwati mai laima don a ga ko garin zai dawo. Biyu ya dawo musu, aka sake musu aikin daga farko. Kayan da za su taɓa bayan farantan a sabon kafi kuma an yi musu gwajin da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a gidan tarihi na Birtaniya a 1973: a rufe abu a kwalba da 'yan guntayen jan ƙarfe da azurfa da dalma, da ɗan ruwa, a zafin digiri 60 har kwana 28, a ga ko ƙarafan sun sauya. Wani soson roba da aka so a sa a baya ya baƙanta jan ƙarfen, aka ajiye shi.

## Neman jerin

A nan ne zayyanar ta nuna wahalarta. Da hoton doki ne, kowa ya san inda kai yake da inda wutsiya take. Waɗannan kuwa farantai ne masu siffa ɗaya, kowanne yana iya zama ta fuska 4, bambancinsu ɗan sauyin launi ne kawai. Takardun mai aikin ba a same su ba. Hoton da ke rajistar hukumar ƙarami ne, baƙi da fari.

Makarantar ta roƙi tsofaffin ɗalibai su kawo hotuna, aka kuwa samu da yawa, domin a gaban wannan bango ake ɗaukar hoton 'yan ajin ƙarshe duk shekara. Sai dai a kowane hoto yara sun tare layuka 2 na ƙasa. Layuka 3 na sama suka fito sarai, na ƙasa sai ɗan abin da ya leƙo tsakanin kafaɗu.

Malamar zane da malamin lissafi suka buga hotunan farantan a takarda, suka ba 'yan aji 5. Takarda kawai yaran suka taɓa, ba a bar su kusa da farantan ba saboda dalma. Daga layukan sama suka gano ƙa'idar: kowane faranti ya juya rubu'in zagaye daga na hagunsa, bayan 4 a koma farko, kuma kowane layi yana farawa da juyi ɗaya gaba da na ƙasansa. Launi kuwa a karkace yake tafiya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Da wannan suka cike layukan ƙasa a takarda.

Ƙa'idar ta faɗi irin farantin da kowane gurbi ke buƙata, amma farantan da ke kan karkatacciyar hanya ɗaya kusan launinsu ɗaya, ba ta raba su ba. Abin da ya raba su shi ne rubutun da aka yi kafin wanki. Ziri ƙasa yake gangarawa, saboda haka ya nuna gefen da ke ƙasa a kowane farantin da ya taɓa, wato juyinsa. Wasu zirukan kuma sun faro a faranti ɗaya sun ƙare a na ƙasansa, in an haɗa hotunan sai su dace. Fallen katakon da aka manta a bayan sito ya ƙarasa sauran: da hannu aka huda ramukan farantan, babu biyu da suka zo daidai, kuma ramukan katakon sun nuna gurbin 20 daga cikinsu. A ƙarshe gurbin 53 ya tabbata. Sauran 4, biyu-biyu ne da za su iya musanya wuri ba a gane ba, aka rubuta hakan a rahoto.

## Ukun da suka ɓata

Malamar zane ta so a sa jan ƙarfe tsirara a gurabun, don yara su san an yi rashi. Iyaye suka so sababbi da ba za a bambanta ba. Hukumar ta bi tsaka-tsaki, irin abin da Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tanada wa tsofaffin gine-gine: abin da aka ƙara ya dace da sauran, amma mai dubawa da kyau ya iya gane shi. Mai sana'ar inamel ɗin nan ya yi su da gari marar dalma. Shuɗin biyu sun zo kusa ƙwarai. Na ruwan goron ya ɗan yi haske, an yi gwaji da yawa bai kamo na asali ba. An rubuta shekara da sunan maƙerin a bayan kowanne.

## Sake kafawa da bibiya

A wurinsa na da aka mayar da shi, amma a kan sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa, da tazarar santimita 2.5 daga bango, sama da ƙasa a buɗe iska na wucewa. Notunan na tagulla ne, kowanne cikin hannun riga na nailan, da hannu aka ɗaure, aka bar farantan da suka lanƙwashe da lanƙwasarsu. Ba a mayar da gilashin roba ba, aka sa gajeren shinge a gaba. An gwada ƙurar daɓen bayan kafawa da bayan wata 6, ba a sami dalmar da ta kai a damu ba. Zauren yanzu ba a barin sa ya sauka ƙasa da digiri 15 ko a ƙarshen mako.

Mai kula da ginin, shi dai wanda ya yi wankin farko, shi aka ba amanar. Takarda ce shafi ɗaya manne a ƙofar ɗakin kayan shara: busasshen tsumma mai laushi sau ɗaya a wata, ba ruwa, ba feshi, in an ga kore a ɗauki hoto a kira lambar da ke ƙasa. Sanyi 3 sun wuce. A na biyu ya ga ɗigon gari a gefen ɗaya daga cikin farantai 5 ɗin, ya kira, aka kwance shi kaɗai aka yi masa magani aka mayar.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina gyaran murfin bango da indararo shi ne maganin, sauran duk jinya ce ta raunin da aka riga aka ji. Gyare-gyare 3 na farko sun faɗi ne ta hanya ɗaya: duk sun kalli fuskar aikin, alhali ruwan ta baya yake zuwa, kuma kowannensu ya ƙara wani abu da ba ya nan da farko, wato kulorin, da asid, da matsi, da kullewar danshi. Da a Janairun farko aka kwance faranti ɗaya aka taɓa katakon da ke bayansa, da notuna da busar da bango kawai za a yi.

Ban ɗora laifin a kan mai kula da gini ko ɗan kwangila ba. Kowannensu ya yi aikin da ya iya da kayan da ya sani, kuma ba a taɓa gaya musu cewa gilashi ne a kan jan ƙarfe ba. Giɓin yana tun ranar kafawa, da aka miƙa aikin ba takardar kulawa, ba zanen jeri, ba lamba a bayan farantai. Ma'aikaciyar jinya ta yi daidai, saukewar ma daidai ce, rashin alli da kyamara na rabin sa'a ne ya jawo watannin neman jeri.

Kan farantai 3 kuwa, ina tare da hukumar. Zayyana mai maimaituwa da ido ake bin ta, gurbi tsirara a tsakiyar layi zai tsayar da idon, ya mayar da hankalin yara kan rashin maimakon kan aikin. Na ruwan goron da ya ɗan yi haske ya isa shaida ga mai son ya sani.

Abu ɗaya bai kammala ba. Kulorin da ya shiga ƙarƙashin inamel a farantai 5 ɗin ba a fitar da shi duka ba, bushewar zauren ce ke riƙe da shi. Ɗumama zauren a ƙarshen mako kuɗi ne, kuma duk shekara in an zo kasafi sai an sake kawo maganar kashe shi. Na'urar auna laima tana nan rataye a gefen ƙofa, shugabar makarantar kuma da takardar awonta take zuwa zaman kasafin.